Araha Ba Ta Ado: Zancen Baƙin Man Da Ya Dace Da Tsohuwar Mota

Duk wanda ya tsaya a tashar Talatar Mafara ran kasuwa da hantsi zai ga motoci iri-iri suna sauke kaya daga Damri da Bakura da Maradun da ƙauyukan da ke kewaye da su. A cikinsu ba a rasa tsofaffi, irin su Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, da 'yar'uwarta akori-kura, waɗansunsu ma sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Fenti ya koɗe, ƙofa sai da dabara ta ke rufuwa, amma a labta mata buhunan shinkafa da albasa har ta durƙusa, ta kuwa kawo su lafiya. Abin da ke riƙe da ran irin wannan mota bai wuce kimanin lita 4 na baƙin mai da ke kwance a cikin injinta ba. Abin takaici, shi ne kuwa abin da masu motoci suka fi yi wa rowa da ganganci.

Motocin nan suna da asali. Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fitar da 404 a shekarar 1960, sa'an nan ya fitar da 504 a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa su a Kaduna, daidai cikin shekarun da a ke gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wadda aka gama a 1978. Ma'aikatan gwamnati da sarakuna da attajirai duk ita suka hau, Kaduna kuwa ta ci gaba da haɗa 504 har bayan shekarar 2000, alhali Faransa ta daɗe da dainawa. A Ingila motar da ta shekara 40 a kan ɗauke mata harajin hanya, mai ita ya killace ta a ɗaki kamar kayan gado, ya fito da ita ran hutu don sha'awa, ya kuma saya mata man da a ke yi musamman domin tsofaffin injuna. A Damri kuwa ita ce jakin gida, ita ce raƙumin fatauci. To, in wadda a ke ajiyewa don kallo ta cancanci a zaɓa mata mai, ina ga wadda ke ciyar da iyali?

Maganar a taƙaice ita ce, tsohuwar mota tana bukatar man da ya yi daidai da irin injinta, wanda ya zo cikin galan rufaffe, wanda kuma a ke juyewa a kan kari. Araha ba ta nuna shi, tsada ba ta nuna shi, murzawa tsakanin yatsu ma ba ta nuna shi. A jikin galan a ke karanta shi.

Kafin a kai ga karatun, ya kamata a san aikin da mai ke yi. A cikin inji ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, sau dubbai a minti guda. Famfon mai ya kan zuƙo shi daga ƙasan inji, ya tura shi ta cikin filta, ya raba shi ta 'yan ƙananan hanyoyi zuwa duk inda ƙarfe biyu ke haɗuwa, ya shiga tsakaninsu ya zama shimfiɗa wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba. Muddin shimfiɗar nan tana nan, ƙarafan ba su taɓa juna. Ran da ta yage, sai su ci juna, su ɗau zafi, su kama, a ce inji ya buga. Ban da wannan, mai yana kwashe zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kaiwa, yana wanke baƙin hayaƙi da ƙura ya riƙe su a jikinsa har ranar juye, yana toshe 'yar kafar da ke tsakanin ringi da bangon silinda, yana kuma hana tsatsa.

Duk waɗannan ayyuka sun rataya a kan kauri. Malamin da ke dafa tawada ya san wannan sarai. In ƙaro ya yi yawa, alƙalami ba ya sakinta. In ruwa ya yi yawa, sai ta malale a kan allo, baƙi ya shige cikin baƙi. Har wa yau kauri ba ya tsayawa wuri guda, gama man shanu ma da hunturu daskarewa ya ke yi, da bazara ya narke. Haka baƙin mai ya ke. Da asubar hunturu yana da nauyin tafiya, in kuwa inji ya ɗau zafi a ranar bazara, sa'ad da zafin ƙasar Zamfara ke haura digiri 40 a inuwa, sai ya tsinke.

Saboda haka ne ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, wadda a ke kira SAE, ta fara sa wa mai lambobin kauri tun shekarar 1911. Galan da aka rubuta masa SAE 40, lamba guda ke nan, tana nuna kaurinsa a digiri 100, watau zafin tafasar ruwa. Wanda aka rubuta masa 20W-50 lamba biyu gare shi. Harafin W farkon kalmar hunturu ne a Turanci, lambar da ke gabansa tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, ta bayansa kuwa tana nuna kaurinsa cikin zafi. Ma'ana, mai ne da ba ya daskarewa ainun da safe, ba ya kuma tsinkewa ainun da rana. Irin wannan mai tsaran Fijo ne, gama Castrol GTX mai lamba 20W-50 ya fito kasuwa a 1968, shekarar da 504 ta fito.

Kurakuran da a ke yi wajen saye guda uku ne. Na farko, kuma mafi muni, shi ne sayen man awo, wanda a ke ɗebowa daga duro ko jarka a zuba a kwalba, ba suna, ba lamba, ba hatimi. Baƙin man kirki haɗi ne: akwai gundarin mai, sa'an nan akwai magunguna da a ke zuba masa, kimanin kashi 10 zuwa 25 cikin 100, masu wanki da masu hana cin ƙarfe da masu hana kumfa da tsami. Magungunan nan su ne masu tsada, su ne kuwa ido ba ya gani. Mai algus ya kan sayar da gundarin mai tsurarsa, ko ya tace man juye ya gauraya. A yatsa yana da santsi, a ido yana da kyau, amma a cikin inji fanko ne. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta sha yin gargaɗi a kan irin wannan mai, ta kuma sha kama shi a kasuwanni.

A nan akwai wani ruɗi da ya kamata a warware. Direbobi da yawa suna yabon man da ya daɗe a inji bai yi baƙi ba, suna zargin wanda ya yi baƙi da wuri. Sau da yawa akasin haka ne gaskiya. Ruwan wanki da ya fito fari tas, alama ce dauɗa tana nan a jikin riga. Man da ke da maganin wanki dole ya yi baƙi a tsohon inji, domin ya ɗauko dattin ne. Wanda ba shi da maganin kuwa sai ya bar datti ya taru ya zama kwaɓa, ya toshe ragar famfo, wata rana a ga jar wutar mai ta kama a tsakiyar daji.

Kuskure na biyu na masu hali ne. Mutum ya ga man zamani mai tsada, mai lamba 0W-20 ko 5W-30, ya ce bari ya gatanta motarsa. Wannan mai nagari ne, amma domin sababbin injuna aka yi shi, waɗanda ƙarafansu ke matse da juna. Injin da ya shekara 30 ko 40 kafofinsa sun buɗe, robobinsa sun bushe, sai siririn mai ya riƙa zurarewa, ƙarfin turinsa ya faɗi in inji ya yi zafi, mota ta yi ta yoyo da hayaƙi.

Akwai kuma dalili na biyu wanda ya fi wannan ɓoyuwa. A injin 404 da 504, sandar nan mai ƙusumbi da a ke kira kamshaf tana gogar ƙasan tafet kai tsaye domin ta buɗe bawul, wurin kuwa yana shan matsi ƙwarai, har shimfiɗar mai kaɗai ba ta isa. Abin da ke kāre shi wani magani ne da a ke kira ZDDP, mai ɗauke da zinki da fosfaras, wanda zafi da matsi ke sa shi ya manne a fuskar ƙarfe ya zama garkuwa. To, sai aka gane fosfaras yana lalata tukunyar tace hayaƙi da ke cikin salansar sababbin motoci, wadda makanikai ke yi wa laƙabi da indomi. Don haka tun shekarar 2004 aka ƙayyade shi a siraran mayuka irin su 5W-30 da 10W-30, kada ya wuce kashi 800 cikin miliyan. Wannan iyaka ba ta hau kan masu kauri irin su 20W-50 da 15W-40 ba. Tsohuwar Fijo ba ta da indomi da za a kāre, tana da kamshaf da ke bukatar zinki. Wanda ya zuba mata siririn man zamani ya biya kuɗi da yawa ya rage mata garkuwa.

Kuskure na uku shi ne neman kauri ido rufe. In mota ta fara hayaƙi, sai wani ya ba da shawara a ƙara mata man giya, ko wani magani mai danƙo kamar zuma, wai ya riƙe ringi. Hayaƙin ya kan ragu na 'yan kwanaki, amma garin neman ƙiba a kan samo rama. Mafi yawan cin ƙarfe yana faruwa ne a 'yan daƙiƙun farko bayan an tayar da inji, kafin mai ya hau sama, man da ya cika kauri kuwa ya fi jinkirin hawa. Man giya kuma magungunansa dabam ne, ba a yi shi domin wurin da wuta ke ci ba, ba shi da maganin wanke hayaƙi. Lambarsa ma a wani ma'auni dabam ta ke, har man giya mai lamba 90 kaurinsa bai wuce na baƙin mai 40 ko 50 ba. Ringin da ya cinye makanike ne maganinsa.

Bayan lambar kauri akwai haruffa biyu da ke nuna darajar magungunan da ke cikin mai, waɗanda cibiyar man fetur ta Amurka, API, ta tsara. Ko wanda bai yi boko ba zai iya riƙe su. In harafin farko S ne, man injin fetur ne. In C ne, na injin gas ne, irin na tsofaffin manyan motoci Mercedes 911. Harafi na biyu kuwa, gwargwadon nisansa cikin jerin haruffan boko, gwargwadon sabuntarsa. SA gundarin mai ne ba magani, cibiyar da kanta ta ce bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba. SE na 1972 ne, SF na 1980, SG na 1989, SL na 2001, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Fijo ta yi ƙuruciyarta a zamanin SE da SF, saboda haka duk man da ke tsakanin SF da SL ya ishe ta har da rara.

Abin da ya fi dacewa ga mai 404 ko 504 a ƙasar Damri, wanda injinsa ya yi shekaru, shi ne 20W-50 mai daraja SF, SG, SJ ko SL, rani da damina. In an sāke inji sabo, ƙarafa sun matse, 15W-40 mai ɗauke da haruffan gas da na fetur tare, kamar CI-4 da SL, ya yi daidai, a kuma juye na farko kafin a cika kilomita 1,000, domin ya fitar da garin ƙarfe. SAE 40 na kamfani sananne ba laifi gare shi ba cikin zafi, shekara da shekaru da shi a ke aiki, sai dai da asubar hunturu a bar inji ya ɗan yi ɗumi kafin a taka shi da kaya. Amma fa wannan hukunci bai game kowace mota ba. Golf da Corolla da Honda na baya-bayan nan da yawansu siririn mai su ke so, kauri cutar da su ya ke yi. Littafin da kamfani ya haɗo da mota shi ne alƙali, makanike mai gaskiya kuma shi ne muhuti.

Zaɓen mai rabin aiki ne, sauran rabin juye ne. Ƙurar hunturu da hanyoyin ƙauye marasa kwalta da lodin da ya wuce kima suna tsofar da mai da wuri, kafireto kuma ya kan zubo ɗanyen fetur ya tsinka shi. Abin da ya fi aminci shi ne a juye tsakanin kilomita 3,000 da 5,000, a canja filta tare da shi, a kuma kakkaɓe ko a sāke filtar iska, gama ƙurar da ta shiga ta nan cikin mai ta ke ƙarewa. Da ya ke agogon tafiya na yawancin motocin nan ya daɗe da mutuwa, sai a yi lissafi da kasuwa. Motar da ke cin kilomita 400 a mako, Talata 10 ta cika 4,000. Mai mota ya rubuta ranar juye a takarda, ko da ajami ne, ya liƙa a gaban direba. Kowace safiya kuma a zaro sandar awo a duba. In mai ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, kada a tayar. In yana warin fetur, a nemi mai gyaran kafireto.

Wani zai ce: "Malam, wannan magana ce ta mai ƙoshi. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi, galan guda ya zama abin da sai an yi shawara." Gaskiya ne, ba mai musun wannan. Gundarin man da a ke haɗawa a ƙasar nan mafi yawansa daga waje a ke shigo da shi, don haka farashinsa dala ya ke bi. Amma ɗan kasuwa da lissafi aka san shi. Ya ɗora rarar da ya samu a man kwalba a gefe guda na sikeli. A ɗaya gefen ya ɗora kuɗin ringi da fistin da gaskit, da kai ƙarfen inji Gusau ko Sakkwato a gyara, da ladan makanike, da kasuwanni uku ko huɗu da za su ci ba shi, da albasar da za ta ruɓe tana jiran mota. Kayan gyaran Fijo na asali kuma kullum ƙara wuya su ke yi. Wanda ƙarfinsa bai kai ga babban suna ba, akwai kamfanonin gida masu rajista da ke haɗa mai a Kano da Legas da sauran wurare, farashinsu da sauƙi. Mai rahusa mai hatimi dabam, marar asali dabam.

Masu sayarwa su ma akwai magana a kansu, gama yawancin masu saye ba su karanta haruffan nan, amanar mai shago su ke bi. Wanda ya cika tsohon galan da man duro ya manne murfi, bai bambanta da mai zuba tsakuwa a ƙasan buhun shinkafa ba, sai ma ya fi shi ɓarna, domin tsakuwa haƙori ta ke fasawa, wannan kuwa jarin mutum ɗungum. Ciniki guda zai ci, ya rasa mai saye da danginsa. Mai saye kuma ya duba hatimin murfi, da lambar haɗi da kwanan wata, da alamar SON, ya sa a buɗe galan a gabansa, ya tsaya har a zuba. In an gama ya huda galan ɗin kafin ya rabu da shi, don kada ya koma kasuwa da wani abu a ciki. Man juye kuma kada a tuttular da shi a ƙasa ko a magudanun ruwan Bakolori, inda a ke noman abin da za a ci, kada kuma a bar shi yana daɗewa a fata, gama yana da guba.

Malamai da attajirai su ne a ke saurara a zaure da rumfa, da yawansu kuma su ne masu motocin da yara ke tuƙawa. Bai kamata maigida ya miƙa wa yaron mota kuɗin juye ya kau da kai ba. Ya faɗi lamba, ya faɗi haruffa, ya ce a kawo masa galan ya gani.

Daga ƙarshe, zancen nan ya wuce na dukiya. Mutanen Damri ba su manta da harin da aka kai musu a watan Mayu na 2022 ba, kowa kuma ya san akwai hanyoyi a yankin nan da ba mai son la'asar ta same shi a kansu da murfin inji a buɗe. Motar da ta kai kaya kasuwa da safe, ita ce za ta ɗauki mai naƙuda ko majinyaci zuwa asibitin Mafara da dare. A irin wannan sa'a ba a tambayar nawa aka rage a kuɗin mai, abin da a ke so kawai mota ta tashi, ta kuma kai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsohuwar da ta yi wa gida bauta shekara 40, lita 4 na man kirki bai yi mata yawa ba.

Allah ya kiyaye matafiya, ya sa albarka a kasuwa. Haza wasalam.